Akwatin Bayan Gida Daga Kura Zuwa Holan

Tun da na dawo ban huta ba. Gidan biki, gidan suna, har a layin masu awo a asibitinmu, tambayar ba ta canzawa: "Rabi, yaya Holan? Ina atamfarmu?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda na ba wa, in ta tashi maimaitawa sai ta ƙara masa gishiri. Kwanan baya na ji wai ni ce na yi wa sarkin ƙasar aikin ciki. To gara in rubuta shi sau ɗaya, mai tambaya in miƙa masa in kama gabana.

Da farko dai ni ba likita ba ce, ko da yake a Kura duk wanda ya sa farar riga likita ne. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, inda ake kai jini da fitsari da bayan gida. Ina kuma karatun digiri na biyu a hannun wani malami, Farfesa Tukur, kuma shi ya samo haɗin gwiwa da wata jami'a a Holan. Maganar ita ce: a hanjin ɗan Adam akwai ƙwayoyin bakteriya da ba sa ƙirguwa, yawancinsu ba cuta ba ne, su ke taya mu narkar da abinci. Da yawansu ko suna ba su da shi, saboda iskar nan da muke shaƙa guba ce a wurinsu, suna fitowa sarari suke mutuwa. Turawa sun gama leƙa cikin junansu, sun gaji da ganin burodi da cuku, sai suka ce bari su ga abin da ke cikin mai cin tuwon dawa da miyar kuka.

"Aiki ne mai sauƙi, Malama Rabi," in ji Farfesa, yana zaune ƙarƙashin sanyin ofishinsa. "Ai mutanenki ne. Ki karɓo mana samfuri kawai."

Haka na ɗauki 'yan robobina na bi gefen kanal ɗin ban-ruwa a kan acaɓa, daga Kura zuwa Kadawa har cikin Bunkure. Manomin yankinmu in ka roƙe shi kwandon tumatir zai ba ka, ya ƙara maka da albasa. Amma ka ce ya ba ka bayan gidansa, sai ka ga fuska ta canza. Wata mata ta dube ni ta ce, "Ke 'yar gidan malamai, me muka yi miki?" Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari wai boka za a kai wa ya binne.

Dole na je wurin Kawu Malam, yayan mahaifiyata, mai makarantar Islamiyya kuma manomin shinkafa. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "Rabi'atu, duk ilimin da Allah ya shimfiɗa a duniya, wannan kika tsinto?" Amma ya yi nazari, ya ce tun da akwai amfanin jama'a babu laifi, kuma ya yi wa mutane bayani bayan sallar la'asar. Da na miƙa masa tasa robar, ya ɗaga hannu. "Fatawa na bayar, ba samfuri ba."

Mutum ɗaya ne bai wahalar da ni ba: Baba Nomau, wani tsohon manomin albasa a wani ƙauye bayan Bunkure. 'Ya'yansa wasu coci suke zuwa, wasu masallaci, shi kuwa yana nan kan abin da ubansa ya bar masa. A ƙa'ida lamba ake ba mai samfuri, ba a faɗin sunansa, amma shi da bakinsa ya riga ya sanar da duk kasuwa. Da na yi masa bayani ya yi dariya har da tari.

"'Yata, ke ce ma'aikaciyar gwamnati ta farko da ta zo neman abin da nake da shi. Kawo robar. In ba ta isa ba ki dawo gobe."

Ranar tafiya Inna ta cika mini jaka da kilishi da yaji da kuka da daddawa, tana cewa ba za ta tura 'yarta ƙasar da ba su san miya ba hannu biyu. Samfuran kuwa suna cikin wani farin akwati, an danne su da busasshiyar ƙanƙara, irin wadda ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta riƙa bin iska tana hayaƙi. In ta ƙare kafin mu isa, wahalata ta watanni ta tashi a banza, digirina ma ya bi ta. Daga Abuja za mu tashi. Farfesa ya zo da babbar riga mai aiki har gwiwa, ya shige gaban motar da za ta kai mu can, ya sauke gilashi, ya toshe hanci da hankici mai turare. Na ce, "Ranka ya daɗe, a daskare yake, ba ya wari." Ya ce, "Ni na san abin da ke ciki, wannan ya isa."

Lokacin kakar tumatir ne. Ba mu yi nisa ba, wajen Kwanar Ɗangora, muka tarar da babbar mota ta kife da kwanduna, titi ya yi ja kamar an yi yanka. Muka tsaya cikin rana tsaka. Ina jin ƙanƙarata tana ƙarewa kamar jinina ake zuƙa. Na cire mayafina na lulluɓe akwatin, na ƙara da dardumar direba. Na kalli babbar rigar Farfesa, shi ma ya kalle ni, ya ce, "Kada ma ki fara."

Da muka samu muka wuce, sai ga shingen jami'an tsaro. Wani ya buɗe but ɗin motar, ya ɗaga darduma, hayaƙi ya taso. Mutumin ya yi tsalle baya, bindigogi suka ɗago. Farfesa ya fito yana zuba Turanci mai dogayen kalmomi, kuma duk kalmar da ya ƙara sai bakin bindiga ya ƙara matsowa. Na ga in na bari za mu mutu a kan nahawu, na ɗaga murya.

"Yallaɓai, kashi ne!"

"Kashi? Na wa?"

"Na mutanen Kura da Bunkure."

"Ina za ku kai shi?"

"Turai."

Ya karɓi takardun akwatin ya juya su gaba da baya, sannan ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ga ikon Allah. An gama kwashe gyaɗa, an gama kwashe mai, yanzu an koma kan wannan." Ya rufe but da kan bindiga. "Ku wuce. A wannan kayan ba ni da rabo."

A filin jirgi akwatin ya bi sashen kaya da takardunsa, mu muka bi namu layin. Jirgi dai jirgi ne, ba ni da abin faɗa sai cewa abincin da aka ba mu ko yaron yaye ba zai ƙoshi ba, kuma Farfesa, wanda ya ce mini ya saba, shi ya fi kowa ɗaga murya da salati duk sanda muka shiga gargada.

Muna sauka wani kare mai rigar aiki ya zo ya zauna gaban jakata. Wata jami'a doguwa ta sa safar hannu ta buɗe. Ta ɗauko kilishin Inna da yatsu biyu, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ta jefa shi a kwandon shara ina kallo. Sai ta kwance ƙullin daddawa. Ta sunsuna, idonta ya kawo ruwa. Ta kalli takardarmu da ke cewa muna tafe da bayan gidan mutane, ta kalli daddawa, ta kalle ni, ta kira shugabanta.

A nan dole in yi wa Farfesa adalci. Turancin da ya kusa sa a harbe mu a hanya, a nan ya yi rana. Ya gyara tsayuwa, ya kawo sunan itacen ɗorawa da Latin, ya bayyana yadda ake dafa kalwa a rufe ta ta ruɓa, ya tuna musu cewa su ma cukunsu ba turare ba ne. Suka mayar mini da daddawata suna ba da haƙuri. Akwatin kuwa ko minti biyar bai yi ba aka buga masa hatimi, da sauran ƙanƙara a ciki. Wato a ƙofar Turai an kori kilishin Kano, an yi wa kashin Kura barka da zuwa.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar filayen Kadawa, kanal ta ko'ina. Bambancin kawai, ban ga mai wanke babur a ciki ba, ban ga wanda ya fasa gefe ya saci ruwa ba, kuma ba a jiran wani babba ya gama shayar da gonarsa kafin na ƙasa ya samu. Tumatirinsu a ɗakin gilashi ake renonsa, ja jawur, kowane kamar ɗan'uwansa, amma ka gatsa ka ji kamar ruwan famfo aka yi wa fenti. Batun atamfa kuwa, ku yi haƙuri. Duk zaman da na yi ban ga mace ɗaya ta ɗaura ta ba. Daga baƙi sai ruwan toka, kamar ƙasar gaba ɗaya takaba take. Ashe mu suke yi wa, su ba sa sawa.

An sauke ni a gidan wata tsohuwa, Madam Yoka, ɗakina a sama, matakalar kamar tsanin hawa rumbu. Ta haɗa kofi, ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙo mini. Ni kuwa 'yar gidan tarbiyya, na sunkuyar da kai na ce, "A'a, na gode," ina jiran ta sake tayi sau biyu kamar yadda mutane ke yi. Sai na ji ƙwas, ta rufe gwangwani ta mayar da shi mazauninsa. Ta ci nata guda ɗaya tana ba ni labarin yanayi. Daga ranar na ajiye kawaici a ƙasan akwati sai da na dawo.

Banɗakinta ya fi ba ni mamaki. Masan yana da wani ɗan dandamali a ciki, abin da ka yi ba ya faɗawa ruwa, zama yake yana kallonka sai ka kora. Na tambaye ta ko lalacewa ya yi. Ta ce haka na da suke, don mutum ya duba lafiyar cikinsa kowace safiya. Sai na gane son da mutanen nan ke yi wa harkar ba a jami'a suka koya ba, gado ne. Buta kuwa babu ita a duk garin. Sai a shagon masu furanni na samu wata mai dogon baki, Madam Yoka tana ta yaba mini wai ina son shuke-shuke.

Washegari muka je jami'a. Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran tawagar tarba. Wata mata ta iso kan keke cikin ruwan sama, da rigar leda, ta jingine shi ta nufo mu. Farfesa ya miƙa mata jakarsa ya ce ta kai mu wurin shugaba. Ta karɓa, ta hau da mu sama, ta ajiye jakar, ta zauna a kujerar shugaba. Ita ce Dokta Marika, mai ɗakin binciken. Ɗalibanta ma Marika suke kiranta, gatsal, babu ko "ranki ya daɗe." Farfesa ya gyara babbar rigarsa, aka yi gaisuwa. Da aka kawo abincin rana, burodi mai sanyi da yankan cuku da madara, ya raɗa mini da Hausa, "Wannan tarba ce ko horo?"

Aikin kansa ga yadda yake. Akwai wani babban akwatin gilashi da aka zuƙe wa iskarmu aka cika shi da wata, yana da hannayen roba biyu dogaye. Ka zura hannunka ciki har kafaɗa, ka yi komai ta bayan gilashi. Ana narka samfurin, a shafa shi a kan 'yan farantai masu abincin ƙwayoyin, wanda aka haɗa da jinin tunkiya da ruwan tumbinta. A jira kwanaki, sai ɗigo-ɗigo su tsiro. Kowane ɗigo ka tsince shi da ɗan tsinke, ka kai wa wata na'ura ta harbe shi da haske, ta fitar da zanensa kamar zanen yatsa, ta gwada da na waɗanda aka riga aka sani. Kamar mai gadi ce da ya san fuskar kowa a unguwa: wannan ɗan gidan wane ne, wancan ma. Mu kuwa baƙo muke nema, wanda za ta kalla ta ce ban san shi ba.

Farfesa ya zura hannunsa sau ɗaya, aka ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe. Bayan 'yan kwanaki ya wuce taruka a wasu ƙasashe, ya ce in riƙa sanar da shi.

Ni ma ban fita da mutuncina cikakke ba. An ce a cire zobe kafin a sa hannu. Ni kuwa ina ganin zoben azurfa ɗan siriri me zai yi? Ina cikin aiki na ji tsit, robar ta tsage. Ƙararrawa ta ɗauka, iska ta shiga, duk farantan da ke buɗe suka mutu, har da na wasu ɗalibai. Na zare hannuna. Dokta Marika ta zo ta duba, ta kalle ni ido cikin ido gaban kowa.

"Wannan wauta ce. An faɗa miki, ba ki ji ba. Kada ki sake. Zo mu sha kofi."

Na yi kuka a banɗaki, na ce matar nan ta tsane ni. Amma ko sau ɗaya ba ta ƙara tayar da maganar ba. A wurinmu da cewa za a yi, "Haba, ba komai, tsautsayi ne," sannan a riƙe ki da shi har ranar auren jikarki.

Allah ya taimake ni akwai ragowar samfuri a firiza. Na sake daga farko. Watanni suka shuɗe, na'ura tana ta gane kowa. Sanyi ya shigo, rana ta riƙa faɗuwa tun la'asar, yajin Inna ya kusa ƙarewa. Har na fara shirya abin da zan faɗa a gida, sai wata safiya na ga wani ɗan ɗigo kamar kan allura, launin toka, a gefen wani faranti da na kusa zubarwa. Daga robar Baba Nomau ya fito. Na kai wa na'ura, ta ce ba ta san shi ba. Na sake, ta sake musantawa. Aka karanta DNA ɗinsa, aka jera da na duk danginsa da ke rubuce a duniya, aka ga mafi kusa da shi ma ɗan'uwan nesa ne. Dokta Marika ta ce, "Da kyau." A bakinta wannan guɗa ce.

Sai aka shiga yi masa tambayoyi irin na neman aure. Aka rina shi aka duba siffarsa. Aka gwada ko yana motsi, me yake ci, wane zafi yake so, wane magani ke kashe shi, me yake fitarwa. Ni na yi gwaje-gwajen, ni na rubuta sakamakon. Aka kuma aika 'ya'yansa ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, don haka doka ta ce kafin a yarda sabo ne. Ƙwayar cikin Baba Nomau ta shiga ƙasashen da ni ban samu bizarsu ba, kuma ba ta bi layi ba.

Da labari ya kai wa Farfesa, kwana biyu bai yi ba sai ga shi. Aka zauna taron raɗin suna. Na ga daftarin takardar da za a buga: sunansa a farko, nawa can kusa da ƙarshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ga shi kuma ni 'yar Kura ce.

Turawan suka fara kawo sunan wani tsohon shugabansu da ya yi ritaya, mutumin da ko a taswira bai san Bunkure ba. Na ce me zai hana a sa sunan mai cikin? Suka zaro ido, suka ce haram, dokar kare sirri ta hana. An kare sirrin tsohon nan sosai har ya ɓace daga labarin. Na ce to a sa Kura. Farfesa ya yi caraf ya fassara musu cewa sunan wata dabba ne mai cin mushe, ya ƙara da cewa mutanen Bunkure ba za su yarda ba. Sannan ya yi gyaran murya, ya ce akwai wani bawan Allah da ya ƙarar da rayuwarsa a wannan fanni, ba ya son ambaton kansa.

Dokta Marika ta ce, "Kana nufin kai." Ta bayyana masa cewa ba a saba mutum ya raɗa wa ƙwaya sunansa yana cikin marubutan takardar ba. Ko dai ya zauna a takarda a nemi wani suna, ko ya fita mu kuma mu karrama shi.

Farfesa ya juyo gare ni da Hausa. "Ke me kika gani?"

Na sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, takardu kana da su sun cika kabad, kuma takarda tsufa take. Suna kuwa har tashin duniya. Duk wanda ya ci karo da ƙwayar nan, ko a Sin yake, dole ya ambace ka."

Ya lumshe ido, na ga kalmar tana yi masa daɗi. Ya ce ya amince. Aka ja wa sunansa wutsiyar Latin ya zama tukurii, aka cire shi daga jerin marubuta, sunana ya hau farko. An ba shi daftarin duka ya karanta. Na tabbata bai wuce layin da sunansa yake ba.

Na dawo gida, na kare digirina, ya sa hannu. Na kuma je har ƙauye na shaida wa Baba Nomau abin da aka samu a cikinsa da sunan da aka sa masa, don yana da haƙƙin sani. Ya ce, "To, to."

Da takardar ta fito, Farfesa ya ce a yi walima, kuma a Kura, don mutanen karkara su san darajar ilimi. Aka kafa rumfa a filin makarantar Kawu Malam, aka dafa shinkafar gida. Manoma suka zo, masu injin casa suka zo, mata suka cika gefe guda. Baba Nomau ya iso a bayan babur ɗin ɗansa, da hularsa ta zuwa kasuwa. Farfesa ya yi jawabi mai tsawo a kan dare da ranar da ya ɓata, ya ce yau sunan ɗan Kano ya shiga littafin halittun Allah.

Da ya zauna, Kawu Malam ya karɓi lasifika don addu'a. Ban sani ba ko da gangan ya yi, har yau ban tambaye shi ba. Ya ce, "A al'adarmu, in an yi wa mutum takwara, akan roƙi Allah ya sa yaro ya ɗauko halin mai sunan. Rabi'atu, kafin mu shafa, faɗa mana halin wannan takwaran."

Na kalli Farfesa. Ya miƙo mini takardar da hannunsa. "Fassara musu, Malama Rabi. Kada ki rage komai."

Umarnin malami ne. Na tashi na karanta yadda na rubuta.

"Gajere ne, mai kauri. Ba ya motsi, inda aka ajiye shi nan za a same shi. Ba ya jure fitowa sarari. Yana da jinkirin girma, sai an yi haƙuri da shi. Ba ya iya narkar da abinci da kansa, jira yake sauran ƙwayoyi su yi aikin, shi ya rayu da abin da suka samar." Na ji wani ya yi tari a bayan rumfa. Mata suka fara cusa baki cikin mayafi. Saura layi ɗaya, na ƙarasa. "Abin da yake fitarwa kuma iska ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai."

Kowa ya danne dariyarsa. Kawu Malam ya kafa wa carbinsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Sai Baba Nomau ya miƙe a hankali, ya dogara sandarsa har gaban babban tebur, ya kama hannun Farfesa da hannu biyu.

"Ashe kai ne. Shekara da shekaru ina ɗauke da kai a cikina, in na ci ka ci, in na sha ka sha, ko sannu ba ka taɓa yi mini ba. Ba komai. Tun da Allah ya haɗa fuskokinmu, sai a riƙa zumunci."

Rumfa ta kece. Wani mai injin casa ya faɗo daga kujera. Farfesa ya duba hagu ya duba dama, ya ga babu mafita, shi ma ya buɗe baki ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora. Ya ci shinkafarsa, ya tafi kafin la'asar. Har yanzu muna gaisawa, sai dai ya daina tura ni karɓo samfuri, ya kuma cire hoton takardar daga bangon ofishinsa. Sunan kuwa ba ya ciruwa, dokar masana ta ce in an raɗa an raɗa.

Makon jiya na shiga adaidaita sahu daga Bunkure, mun matsu mu biyar. Cikin wani dattijo da ban taɓa gani ba ya yi ƙugi mai ƙarfi. Ko kunya bai ji ba. Ya dafa cikin, ya dube mu ya ce, "A yi shiru, jama'a. Farfesa na lacca."